Kawu da rijiyar da ya hana a sauke wa fitila

Ba a kai ga fita da gawar Kawu daga zaure ba na ji maganar farko a kan rijiya. Muna zaune a tsakar gida, mata cike har bakin madafi, kowa da carbinsa, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne. To yanzu dai sai a buɗe mana rijiyarmu." Ba da mugunta ta faɗa ba. Tsakiyar bazara ce, injin burtsatsen garinmu ya ƙone, kuma da safen nan ma sai da ta je har fadama kafin ta sami ruwan alwala. Mata suka amsa da amin. Ni dai ban san wane rabin maganar suka amsa wa ba.

A waje motoci sun jeru daga Dutse. Tsofaffin ɗaliban Kawu ne, masu furfura su ma, wani a cikinsu yana kuka kamar yaro bai damu da wa ke kallonsa ba. Liman ya ce bai taɓa ganin wanda ya riga Kawu sahun farko ba. Mai shayi ya ce shi kam ya yafe masa, ko da yake sau biyu Kawu yana tashin teburinsa daga bakin rijiya. Sai kuma surukina, mahaifin maigidana, wanda muke kira Baba. Shi ya haƙa kabarin da hannunsa duk da tsufansa, shi ya shiga ya karɓi gawar. An ce da ya fito sai ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da ta rasu shi ya ɗauke ni, ya sa ni a makaranta, ya tsaya a kaina har na zama malamar firamare a nan garinmu, can gefen hanyar Jahun. Yana kirana Malama Ƙarama tun ban iya rubuta sunana ba. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a ramin haƙar kwal, wato gawayin ƙasa, a kudu, daga nan ya yi karatu mai zurfi, ya dawo ya koyar da kimiyya a Dutse har ya yi ritaya. Ba shi da gira ta hagu. Muna yara mukan ce ɓera ne ya cinye ta yana barci, shi kuma ya ce ai kuwa, kuma yana nan yana neman ɓeran.

Mutum ne mai raha, amma akwai abubuwan da ba ya wasa da su. Tukunyar gas ba ta taɓa kwana a gidansa ba. Matarsa, Inna, ta yi mita har ta gaji, da icce ta ci gaba da girki. In ya shiga ɗaki ya ga taga a rufe sai ya buɗe kafin ya yi sallama. Yakan ce, "Abin da ke wari ai ya yi maka sallama. Wanda ba ya wari shi ne abin tsoro." Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. Ya ce aikinsa a ramin shi ne ya riga kowa shiga da ma'auni, ya duba iska. Wata safiya wani ya riga shi, da ashana a aljihu, ramin ya tashi da wuta. Ya ce waɗanda aka fito da su, ta takalmi aka gane su. Daga nan ya miƙo mini kofi ya ce in ƙaro masa fura, bai sake ɗaga zancen ba har ya koma ga Allah.

Ni kuma sai Allah ya kai ni gidan masu haƙar rijiya. Baba shi ne babbansu a duk yankin nan, kuma tare suka yi wasan ƙasa da Kawu. Kawu na kiransa Gafiya, shi yana kiran Kawu Baturen Gawayi. In suka haɗu a gindin darbejiya sai ka rantse faɗa suke, alhali goro ɗaya suke rabawa.

Masu rijiya suna da al'ada tun kaka da kakanni. Kafin mutum ya shiga, sai a kunna aci-balbal, a sa ta a guga, a sauke ta a hankali har ƙasa. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, sai a ɗaure ganye a igiya a yi ta kaɗawa, a bar rijiyar ta sha iska. In ta ci gaba da ci, bismillah. Ba camfi ba ne. Ƙanin Baba ya mutu a rijiyar da aka yi gaggawa ba a sauke wa fitila ba, Baba ne ya ɗauro shi a igiya. Tun daga ranar babu wanda ya shiga rami a ƙarƙashinsa fitila ba ta riga shi ba, kuma bai sake rasa mutum ba. Wannan ya kamata a faɗa, don kada wani ya karanta ya ɗauka surukina jahili ne.

Shekarar da ruwa ya ja baya, aka ce a ƙara wa rijiyar bayan masallaci zurfi. Maigidana ne a ƙasa. Can da hantsi diga ta faɗa cikin wata baƙar ƙasa mai laushi, ruwa ya ɓullo yana tafasa alhali da sanyinsa. Ya fito kansa na juyawa, amma yana dariya, da dunƙulen abin a hannu. Ya tarar da Kawu a ƙofar gida ya ce, "Kawu, ga sana'arka ta biyo ka gida, gawayi muka tono."

Ina wurin, na kawo wa Inna tsaki. Kawu ya karɓa ya ɓare shi biyu. A ciki ana ganin zanen itace sarai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tashi ko takalmi bai sa ba, ya tafi bakin rijiyar ya kwanta rubda ciki, ya kasa kunne. Tsoho da babbar riga kwance a ƙasa, yara suna ta dariya.

Washegari da aka kunna fitila za a sauke, Kawu ya cire hularsa ya kife a kanta.

Baba ya ce, "Baturen Gawayi, lafiya?"

"Ba za a sauke ta ba."

"To da me zan duba wa ɗana iska? Da girarka?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Fitilarka ta san iskar da ke kashe wuta. Wannan kuwa cin wuta take. In ka sauke, ba mutuwa fitilar za ta yi ba. Rijiyar ce za ta tashi, da mai riƙe da igiya, da duk wanda ya leƙa."

Baba ya ce shi dai tun yana bin ubansa bai taɓa jin ruwa ya kama da wuta ba. Ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, amma wannan ba dalili ne da zai sa gari ya kwana da ƙishi ba. Kawu ya ce ya yarda shi matsoraci ne, a rubuta a goshinsa. Murya ta yi sama, aka kira mai unguwa. Da yake a lokacin burtsatse na aiki, sai aka ce a dakata. Kafin a farga Kawu ya ɗauko mai walda daga Jahun, aka haɗa murfin rodi can nesa, a filin makaranta, aka ɗauko shi a kai aka ɗora, mai raga don iska ta riƙa fita, ya sa kwaɗo. Baba ya daina zuwa gindin darbejiya. In an tambaye shi sai ya ce, rijiya ta bayar, guga ya hana.

Sai kuma labari ya bazu wai fetur ne a ƙarƙashin garinmu. Samari suka yi ta ɗaukar rijiyar a waya, baƙin fuskoki suka fara tambayar gonakin sayarwa, wasu har suna cewa Malam ya kulle ne don ya ci shi kaɗai. Abin ya ƙona masa rai. Ya nemo kwalabe ya cika da ruwa, ya kife su da mazurari a baki, ya zura ta cikin raga da igiya har kumfar ta kore ruwan ta cika su. Ya toshe, ya ba wani tsohon ɗalibinsa ya kai ɗakin gwaje-gwaje a ƙasar waje.

Na tambaye shi me za a gani a kwalbar da babu komai a ciki. Muna zaune a bakin rijiyar, don tun daga lokacin can ya mai da tabarmarsa. Ya ce iskar nan sunanta metan, kuma a cikinta akwai sinadarin kabon, irin wanda ke cikin gawayi. Ya ce kabon ɗin iri biyu ne, kamanninsu ɗaya, sai dai wani ya ɗan fi wani nauyi, kuma akwai na'urar da ke iya tantance su. Na ce to sai me?

Ya ce, "Malama Ƙarama, in kin zuba wa akuya harawa, me take fara ci?"

Na ce ganye.

"Ta bar kara. In kuma wuta ce ta kama harawar?"

Na ce ai wuta ba ta zaɓe.

Ya ce to haka abin yake. In zafin can ƙarƙashin ƙasa ne ya dafa iskar, inda fetur ke zama, ba a yin wani zaɓe sosai, mai nauyin zai fito da yawa. In kuwa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin kwal ɗin, su masu son sauƙi ne, marar nauyin suke fara ɗauka, sai iskar da suke fitarwa ta zo da ƙarancin mai nauyi. Ya ce ma'aunin ba aya ba ne, akwai halittun da sawunsu kan rikita masu gwaji, amma in abin ya karkata sosai gefe ɗaya, to ya faɗi gaskiya.

Amsar ta zo ta waya, bayan la'asar, yana ƙofar masallaci. Ya saurara, ya yi godiya, ya juyo ga jama'a ya ce babu fetur. Iskar ta karkata can gefen marar nauyi, aikin ƙananan halittu ne. Samari suka watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Baba da ke gefe yana sa takalmi ya ce, "Ashe tusar ƙwari ce ta hana mu ruwa." Kowa ya fashe da dariya, har Kawu, sai da ya riƙe bango.

Da dariya ta lafa Baba ya ce to tunda haka ne magana ta ƙare. Kowace muguwar iska in an bar rijiya a buɗe fita take, a ba ta lokaci kawai. Kawu ya ce, "Gafiya, ba ka ji ni ba. Ba iska ce da aka rufe a tulu ba, da za ka buɗe ta fice. Masu yin ta suna da rai. Ga ruwa, ga abinci, kuma ba su ƙoshi ba. Yau ka kore ta, gobe sun dafa wata." Baba ya ce za a gani. A kan wannan suka tsaya, kowa da tasa, har mutuwa ta shiga tsakani.

Shekarun da suka biyo baya a kan tabarmar nan Kawu ya yi su, daga hantsi zuwa magariba, da rediyonsa da butarsa. Ya tashi mai ƙosai, ya tashi mai shayi, ya ƙwace sigari a bakin ɗan mai unguwa. An zage shi a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido. Amma duk sanda burtsatse ta lalace, za ka ga tsohon malamin kimiyya da kura cike da jarkoki, yana turawa daga fadama yana haki, yana sauke wa tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu. Tsohuwar nan da ta yi magana ranar rasuwarsa, ita yake fara kai wa kullum. Takan karɓa ta sa masa albarka, sannan ta ce da ya buɗe rijiya da ya huta.

Wata rana na kai masa abinci na ce, "Kawu, kai dai ba ka tsoron kowa. Gari guda a gefe ɗaya, kai a gefe ɗaya." Ya dube ni kamar na yi wauta. Ya ce, "Ni? Ai tsoro ne ya zaunar da ni a nan. Kullum in na ji ƙarar ashana sai gabana ya faɗi. Mijinki nake gani." Ya buɗe kwano ya ce miyar ta yi gishiri, wa ya koya mini girki. Na ce matarsa.

Ciwon bai daɗe ba. Ƙirji ne, aka kai shi asibiti, bai dawo da ƙafarsa ba. Ranar da na gan shi na ƙarshe bai iya magana sosai, wuyan hannuna kawai ya riƙe ya matse har sai da na ji zafi.

Ana zaman makoki ruwa ya zama abin faɗa. Baƙi cike da gari, mai gyaran inji ya ce sai an kawo kaya daga Kano, fadama ta koma taɓo. Kafin sadakar uku mai unguwa ya aiko a karɓi makulli a wurin Inna. Mace mai takaba, idonta a kumbure, me za ta ce? Ta ciro shi daga aljihun rigar Kawu ta bayar. Na kira ɗalibin nan da ya kai kwalabe, ya ce zai zo da mutanen da suka san aikin, su yi wa jama'a bayani, amma ya yi tafiya, sai in ya dawo.

Na sami maigidana yana gyaran igiya. Na ce kada ya shiga. Ya ce, "Baba ya ce rijiyar ta yi shekaru tana shan iska, za a sauke fitila a gani. In ce masa me? Matata ta hana?"

Na ce, "Kai ka yarda da maganar Kawu ko ba ka yarda ba?"

Ya daɗe yana murza igiyar. Ya ce, "Ni na ji abin da na ji a ƙasan nan. Amma ko ban shiga ba, ni zan riƙe igiyar fitilar. Ba zan bar tsoho ya riƙe ba."

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni duka biyun a gida suka same ni. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Ban taɓa cin abinci yana wurin ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, ko mai irin sunansa sai na sakaya. In na hango shi a hanya ratsewa nake in durƙusa, shi ma ya kau da kai ya amsa gaisuwa yana tafiya. Ta yaya mai wannan matsayi za ta ce wa surukinta ya yi kuskure a sana'ar ubansa?

Washegarin sadakar bakwai, da hantsi, ina wanke kwanonin sadaka a gidan Kawu na ji ƙarar kwaɗo. Ban san sanda na zura hijabi ba. Maza sun kewaye rijiyar, mata da jarkoki sun tsaya daga baya. An cire kwaɗon, ba a ɗaga murfin ba tukuna. Maigidana na tsaye da igiya a kafaɗa. Baba na tahowa daga wajen masallaci, fitila a hannunsa tana ci, yana kare ta da tafinsa.

Na ratsa ta tsakiyar maza, ban gai da kowa ba, na hau kan murfin rodin na zauna, na sunkuyar da kai.

Ta cikin raga ina jin ruwan yana ɓulɓul a ƙarƙashina. Na ji takun Baba ya tsaya cak. Da wani ne ya zauna da ya daka masa tsawa, ko ya sa a ɗauke shi. Amma matar ɗansa ce. Ba zai matso ba, ba zai dube ni ba, ba zai kira ni ba, kuma babu namijin da zai taɓa ni a gabansa.

Ya ce wa ɗansa, "Ka ce mata ta tashi."

Maigidana ya kau da kai, ya gyara igiyar a kafaɗarsa.

Ni ma ɗan nasa na yi wa magana, kaina a ƙasa. Na ce, "Ka ce wa Baba ya yi haƙuri. Ka ce masa in za a sauke, a sauke ina nan."

Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Harshen wutar kawai nake hange ta gefen ido, iska na karkato shi wajenmu, ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Can na ji Baba ya hura. Warin lagwani ya taso. Ya juya ya tafi, maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Matan ne suka daɗe a tsaye. Tsohuwar nan ta ɗauki jarkarta ta ce, "An binne guga, ya bar mana igiya," ta kama hanyar fadama.

Tun daga ranar nan nake wuni. Ba a shiga rijiya da duhu, don haka da magariba nake komawa gida. Yarana ne ke kawo mini abinci. Mata sun daina gaishe ni, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma da guntun ruwa nake alwala. Kayan injin ba su iso daga Kano ba, ɗalibin Kawu bai dawo daga tafiya ba. A kan gwiwata nake rubuta wannan, don in ma an manta da komai, kada a manta akwai mutumin da ya yarda gari ya tsane shi saboda ɗan wani ya rayu.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi, ka amintar da shi daga duk abin tsoro, ka shayar da shi ruwan da babu ƙishi bayansa. Ka ba Inna haƙuri, ka ba Baba haƙurin rashin aboki.

Jiya da yamma maigidana ya zo ya tsuguna a gefen tabarma, bai dube ni ba. Ya ce Baba ya ce a gaya mini ba ya fushi, na yi wa kawuna biyayya, Allah ya yi mini albarka. Ya ce kuma a gaya mini gari ba zai mutu da ƙishi ba, ranar da aka koma makaranta da hantsi zai zo da fitilarsa.

Ranar Litinin ake komawa.